Gadar Bar-Mini Mai Tsakiya Biyu

Abin ya faru ne a shekarar da aka yi mini aikin ido, ko kuwa wadda ta bi bayanta. 'Yata ta ce ta bayan ce, ni kuma na daina musu da ita a kan shekaru, domin kaina ya zama kamar tsohon ɗakin karatun da gara ta shiga: littattafan suna nan, shafukan farko ne suka tafi. Amma kwarin, da mutumin, da laimar, waɗannan ban manta da su ba.

Kwarin shi ya raba unguwarmu da kasuwa da asibiti. Da rani busasshe ne, mutane da awaki sukan gangara su haura. Da damina sai ya cika ya yi ta ruri, mai son ƙetarewa kuwa sai ya zagaya ta babban titi, tafiyar da mai ciwon gwiwa irina yakan yi wa iyalinsa sallama sosai kafin ya kama ta.

Mutumin maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Bar-Mini ake ce masa, saboda ba a taɓa ambaton wata matsala a gabansa ba, daga famfon da ya toshe har rikicin ƙasashen duniya, face ya dafa ƙirji ya ce a bar masa. An kuwa bar masa abubuwa da dama. An bar masa agogon bangon makaranta, ya dawo da shi cikin leda biyu. Ya fara kiwon kifi a tsakar gidansa, ya haƙa ramin, kifi bai zo ba, sauro ya zo. Ya tashi ɗora bene, ya gina matakala har sama, daga nan sai hankalinsa ya koma wani wuri, matakalar ta tsaya tana kallon sararin samaniya, kaji suna kwana a kanta.

Matarsa tela ce, mace mai ƙarancin magana, kuma kekenta ne yake riƙe da gidan. Ranar da ya kwance keken nan wai zai ƙara masa gudu, ya kasa mayarwa, sai ta tattara ƙarafunan a zani, ta ɗaure kayanta, ta nufi gidan yayanta da ke hayin kwari. Ba ta yi faɗa ba. Ta katanga na jiyo abin da ta ce masa a bakin ƙofa.

"Baban yara, ranar da ka gama abu guda da ka fara, ko da cokali ne, ka aiko."

Ana cikin haka sai hukumar gari ta yi shelar cewa za a gina gadar ƙafa a kan kwarin, amma ta sabuwar hanya, wadda suke kira haɗin gwiwa. Hukuma za ta gina rabi daga nata ɓangaren, wani kamfani ya gina rabi daga namu, su haɗu a tsakiya, sannan kamfanin ya riƙa karɓar ɗan abin ƙetarawa na wasu shekaru. Manyan kamfanoni suka zo suka leƙa kwarin suka tafi. Bar-Mini kuwa ya sayar da filin da ya gada, ya sayi jaka mai makulli da hular kwano, ya wayi gari kamfani. Shi ne shugaba, shi ne mataimaki, ofis kuma jakar. Shugaban hukuma ya ba shi aikin nan take, domin shi kaɗai ne bai tambayi komai ba.

A shagon mai aski muka fara jin labarin, inda mu tsofaffin unguwa muke zaman hantsi a kan benci. Mai askin mutum ne da harshensa ya fi askarsa kaifi. Ya tambayi Bar-Mini ko ya taɓa gina gada. Bar-Mini ya ce gada ai matakala ce da aka kwantar, kuma kowa ya san ya iya matakala. Mai aski ya ce gaskiya ne, ga kaji can shaida.

"Ku bar mini," in ji Bar-Mini. "Kafin damina ta yi nisa, matar nan da ƙafarta za ta tako gadata ta dawo ɗakinta, kuna tsaye kuna kallo."

"Ka aika mata?"

"Na aika."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta ji."

Mai aski ya ce shi ma uwar 'ya'yansa haka take cewa duk ranar da ya yi mata alkawarin gyaran rufi.

Abin da ya fara ginawa ba ginshiƙi ba ne, rumfar karɓar kuɗi ce, da taga da ɗan kanta da fenti shuɗi. Na biyu kuma allo. Ban taɓa ganin allo irinsa ba, kuma na yi yawo a zamanina, na je taron malamai a garuruwan da yanzu sunayensu suka gudu daga kaina. Ƙarfe ne mai kauri, ya fi dogon mutum tsawo, ƙarti ne suka ɗauko shi suna nishi. Babu komai a jiki sai fuskar Bar-Mini da hular kwano, yana murmushi har kunne. Ya mayar da shi wurin mai zane ya fi a ƙirga, yau a rage kumatu, gobe a ƙara wa haƙora haske. Duk abin da aka saya a aikin nan babu mai ingancin allon. Aka kafa shi daidai inda gadar za ta tashi daga namu ɓangaren.

Ranar aza harsashi Shugaba ya zo da jama'arsa. Ya yi jawabi cewa zamanin da gwamnati take yin komai ita kaɗai ya wuce, yanzu hukuma za ta sa wa kamfani ido, kamfani ya sa wa hukuma ido, babu ta inda za a ci amanar talaka. Aka yi tafi. Aka miƙa wa Bar-Mini diga don ya ɗan taɓa ƙasa a ɗauki hoto. Ya ce shi ba ya aikin wasa. Ya tofa yawu a hannu, ya ɗaga digar har bayan ƙeya, ya sauke ta da iyakar ƙarfinsa a kan bututun ruwan unguwa. Ruwa ya yi tsiri sama ya sauko a kan Shugaba, da masu hoto, da buhunan simintin da aka jera don ado.

Unguwa ta kwana ta wuni ba ruwa. Hukuma ta ce diga ta kamfani ce. Bar-Mini ya ce bututu na hukuma ne, shi ya zo ya kwanta a hanyar digarsa. Da aka gaji da jira sai mai gyaran babur ya ɗaure bututun da robar taya, kuma ina jin har yau ita ce a jiki. Simintin da ya jiƙe ya daskare ya zama duwatsu masu siffar buhu. Bar-Mini ya jera su a gaban rumfa, ya ce dama kujerun masu jiran biya ne, shi ya tsara haka.

To, ina nake? A kan laima. Amma kafin laima akwai Injiniya.

Injiniyan hukuma matashi ne mai baƙin tabarau, wanda ba ya shiri da ƙura. Idan ya zo wurin aiki ba ya fitowa daga mota, gilashi kawai yake saukewa rabi. Sau ɗaya ya fito, a farkon aiki, ya tsaya a bakin kwari ya ɗaga murya ya ce a ja igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, kowa ya bi ta, don a haɗu daidai. Bar-Mini ya ɗauki wannan cin fuska. Ya mayar masa daga namu hayin cewa igiya ta waɗanda ba su da ido ce, shi kuwa Allah ya ba shi biyu, kuma ɗaya ma ta ishe shi. Injiniya bai matsa ba, domin igiya ba ta cikin abin da aka ware, sai an nemi izini daga sama. Ya nuna wa leburorinsa ƙatuwar fuskar nan da ke murmushi a hayi, ya ce su nufi hancin, ba za su ɓata ba. Ya koma mota.

A can hayin, daidai inda rabin hukuma zai tashi, akwai wata tsohuwa da muke kira Goggo Mai Lemo. Tun gashin kaina yana baƙi take zaune a wurin da tirenta, ƙarƙashin wata jar laima. Bar-Mini ya ce matar nan ta fi dutse zama wuri guda. Kowace safiya sai ya tsaya a ƙarshen inda gini ya kai, ya runtse ido ɗaya, ya miƙa babban yatsa saitin laimar, ya ce wa maginansa su bi nan.

Abin da bai lura da shi ba, motocin hukuma sun fara sauke yashi a wurin zaman Goggo. Ta ɗauki laimarta ta ɗan matsa gabas. Suka kawo tsakuwa, ta ƙara matsawa. Suka kawo rodi, ta ƙara. Ba ta yi ƙorafi ba, ta saba da hukuma. Shi kuma Bar-Mini, wata rana yana dawowa daga gari sai ya tarar ba a hango fuskarsa daga babban titi. Ya tara ƙarti suka ciro allon suka matsar da shi yamma. Bayan kwanaki ya ga reshen bishiya yana rufe masa kunne ɗaya, aka ƙara matsarwa. Sai kuma ya ce ranar yamma tana haske masa ido, yana fitowa kamar mai harara, aka ƙara. Leburorin hukuma kuwa an ce su bi hanci, hanci suke bi.

Mu da muke kan benci mun fara ganin abin tun da wuri. Mai aski ya tare shi ya ce, Yallaɓai kamfani, gadar nan taka kamar tana lanƙwasa. Bar-Mini ya yi dariyar tausayi. Ya ce miƙaƙƙiyar gada ta mutanen da ce, a ƙasashen da suka ci gaba babu mai gina ta, lanƙwasa ita take raba nauyi. Mai aski ya ce to ai ta hukuma ma tana lanƙwasa, sai dai ta ɗaya gefen. Nan fa fuskar Bar-Mini ta canza. Ya ce ya san za a rina, sun fara satar fasaharsa. Washegari ya sayo tampol ya kewaye nasa rabin, ya bar 'yar kafa guda ta leƙen laima. Injiniya da ya ga haka ya ce hukuma ba za ta zauna tsirara kamfani yana rufe ba, shi ma ya sa aka kewaye nasu.

A tsakanin nan ne Bar-Mini ya roƙe ni in je wurin matarsa, a matsayina na dattijo, in bayyana mata irin ci gaban da ake samu. Na gangara na haura da sandata. Na same ta a barandar yayanta, an haɗa mata keken, yana tafiya sumul. Ta ba ni ruwa, ta tambayi gwiwa. Na yi mata bayanin ginshiƙai, na ɗan zarce zuwa tarihin gadoji, wanda na koyar da shi shekaru masu yawa, har na manta abin da ya kawo ni. Ta bari na gama, ƙafarta ba ta bar feda ba.

"Baba Malam, ta kai?"

"Ba ta kai ba tukuna, 'yata."

"To, a gaida gida."

Yarjejeniyar ta ce kafin a haɗe, kowane ɓangare zai binciki aikin ɗan'uwansa. Wannan binciken a gabana aka yi shi. Injiniya ya zagayo da mota ta babban titi, ya tsaya a gaban rumfa, ya sauke gilashi. Bar-Mini ya miƙa masa ruwan sanyi ta taga. Injiniya ya tambaye shi ko nasa rabin lafiya, ya ce lafiya lau. Shi ma ya tambayi na hukuma, Injiniya ya ce sai godiya. Suka yi musabaha. Da yamma motar shela ta zaga gari tana faɗin cewa gadar ta tsallake bincike biyu masu zaman kansu.

Ranar da ɓangarorin biyu suka kai tsakiyar kwari, wani magini na Bar-Mini ya ji ana tari kusa da shi, amma ba ta gabansa ba, ta gefen hagunsa. Ya ɗaga tampol ya leƙa. Ga leburan hukuma can a gefe, shi ma ya ɗaga nasa yana leƙowa. Aka yaye tampol gaba ɗaya. Rabin kamfani ya nufi gabas, rabin hukuma ya nufi yamma, sun wuce juna kamar maƙwabtan da ba sa ga maciji suka haɗu a lungu. Tsakaninsu akwai giɓi, gwargwadon dogon mutum idan ya kwanta, ƙasa kuma laka ce, don ruwan fari ya riga ya sauka.

Aka kira taro a ofishin Shugaba, aka gayyace ni a madadin dattawan unguwa. Ina tuna ɗakin sarai: fanka mai lanƙwasasshen fiffike da take ƙara kamar tana neman taimako, kabad cike da kofunan da ba a san wanda ya ci su ba, kujerar baƙi da aka tallafe ƙafarta da bulo. Shugaba ya ce tambaya ɗaya ce, giɓin nan na wane ne.

Injiniya ya ce an ce hukuma ta gina daga gaɓa zuwa tsakiya, ga su a tsakiya. Bar-Mini ya ce shi ma daga gaɓa zuwa tsakiya aka ce masa, kuma duk mai ido ya ga yana tsakiya. Shugaba ya ce ke nan tsakiya biyu gare mu. Injiniya ya ce ta hukuma ce ta ainihi. Bar-Mini ya ce tasa ta riga isa. Shugaba ya ce shi dai abin da ya sani giɓi iska ce, kuma hukuma ba ta taɓa ware wa iska komai ba. Aka yi ta juya magana har aka daidaita a kan cewa giɓin ba na hukuma ba ne, ba na kamfani ba ne, na haɗin gwiwa ne. Na tambaya a hankali ina ofishin haɗin gwiwar yake, don mutanen unguwa su san ƙofar da za su buga. Aka dube ni da irin kallon da ake yi wa tsohon da ya yi magana cikin barci.

Da labarin laima da allo ya fito, sai fuskoki suka saki, don an sami wanda za a ɗora wa. Aka aika aka kirawo Goggo Mai Lemo. Ta shigo da tirenta a ka, ta ƙi ajiyewa. Shugaba ya ce mata matsawar da ta yi ta yi ba tare da sanar da hukuma ba ita ta karkatar da aikin jama'a. Ta ce yashin wa ya tashe ta? Ta dubi Injiniya daga sama har ƙasa.

"Ɗana, da kun gaya mini ni ce injiniyar, ai da na sayi baƙin tabarau na zauna a mota."

Aka sallame ta da sauri. A bakin ƙofa ta sayar wa masinja lemo.

Shugaba ya ce ranar buɗewa ba za ta ɗaga ba. An gayyaci baƙi, an sassaƙa sunansa a jikin dutse, wa'adinsa kuma ya kusa ƙarewa. Wa zai toshe giɓin? Kowa ya dubi fanka. Na ga Bar-Mini yana kokawa da bakinsa, ya cije leɓe, ya danne ƙirji da jaka. Amma bakin ya fi ƙarfinsa.

"A bar mini."

Kayan aiki sun ƙare, abin filin gado ma ya ƙare. Ya mayar da tampol ya shiga gwaje-gwaje. Ya kawo katako, bai kai ba. Ya ciro ƙofar ɗakinsa, ta gaza da taƙi guda, ta faɗa laka. Ya aro tsani ya shimfiɗa, wata akuya ta gwada masa shi, aka ciro ta da igiya, mai ita ya biyo shi har gida. A ƙarshe ya tsaya ya daɗe yana kallon abu ɗaya tak da ya rage mai tsawo da ƙwari a duk aikin. An ce har ya share ido. Ƙarti suka ciro allon suka shimfiɗa shi a kan giɓin, ya zauna daram kamar don wurin aka yi shi. Suka ce a kifa shi, fuskar ta dubi ƙasa, kada a gani. Ya ce fuskarsa ba za ta kwana tana kallon laka ba. Aka bar ta tana kallon sama, aka rufe da jan kafet. Suka kawo ƙusa za su kafe kafet ɗin, ya riƙe hannun mai guduma, ya ce ba za a huda masa kumatu yana raye ba.

Ranar buɗewa an yi yayyafi da safe, gari ya yi luf. Mutane suka cika gaɓa biyu. Mai aski ya tambayi Bar-Mini ina allo, ya ce ya aika a wanke. Can hayi, kusa da jar laima, ga matarsa tsaye da ƙullin kaya, yayanta a bayanta ɗauke da kan keke. Bar-Mini ya hango ƙullin nan, ƙirjinsa ya ƙara faɗi, ya gyara hular kwano.

Shugaba ya yanka ƙyalle daga nasu ɓangaren, ya taho da baƙi a bayansa, mai lasifika yana zuba kirari. Suka zo ƙarshen rabin hukuma, sai suka ga kafet ya yi kwana ya nufi gefe. Wani baƙo ya tambayi dalili. Bar-Mini, yana tsaye a nasa ƙarshen, ya ce sabuwar dabara ce ta hana mutane gudu a kan gada. Baƙon ya gyaɗa kai ya ce lallai an yi tunani. Shugaba dai ya san abin da ke ƙasa iska ce, bai san abin da aka ɗora mata ba. Ya tsaya cak.

"Ranka ya daɗe, bismillah," in ji Bar-Mini.

"A'a, kamfani ne gaba. Mu namu sa ido ne."

"To Injiniya, kai da ka binciki aikin."

"Na binciki naka, ka binciki nawa. Nan wurin ban san shi ba."

Jama'a suka fara gunaguni. Bar-Mini ya ɗaga kai ya ga matarsa ta matso, tana kallonsa. Bai taka a hankali kamar mai hankali ba. Ya ja da baya, ya yi tsalle ya dira a tsakiyar kafet da ƙafa biyu. Allon ya yi ƙara kamar an doki ganga, amma bai motsa ba. Aka fara tafi. Tafin nan shi ya kashe shi. Ya buga ƙafar dama, ya buga ta hagu, ya ɗaga hannu sama ya juya don kowace gaɓa ta gan shi. Kafet jiƙaƙƙe a kan fenti mai santsi, ba ƙusa ko ɗaya. Ya zame a hankali, kamar mai jin kunya, ya tafi da Bar-Mini a zaune, suka sauka tare. Laka ta karɓe shi har ƙugu. Hular kwano ta bi ruwa.

A sama kuwa ga fuskarsa, ƙatuwa, tana yi wa Shugaba murmushi daga ƙarƙashin ƙafafunsa.

Mai aski ne ya fara dariya, daga nan ta kama gaɓarmu, ta ƙetara hayi ba tare da gada ba. Mai lasifika, da yake ba ya hango abin da ya faru, yana can yana karanto cewa wannan aiki shaida ne na abin da ake samu idan kowa ya tsare amanarsa.

Sai ga matar ta taho. Ta ratsa baƙi, ta ɗan rusuna wa Shugaba, ta tsaya a bakin allon. Ta taɓa shi da ƙafa kamar mai gwada zafin ruwa. Sannan ta taka haɓa, ta taka hanci, ta taka goshi, ta sauka a namu rabin. Ta leƙa ƙasa.

"Baban yara, ka ji ciwo?"

"Ko kaɗan. Zurfin lakar nake aunawa."

"Gamawa dai ba ka gama ba," in ji ta. "Amma ana wucewa. Kuma wannan na allon ya fi ka, ya iya zama wuri guda. Muddin yana nan kwance ana taka shi, ina ɗakina. Ranar da na ji kana shirin ɗaga shi, ta kansa zan bi in koma."

Ta juya wurin Shugaba cikin ladabi, ta ce ranka ya daɗe, ai akwai sauran fili a gefen kunnuwan nan, fuska biyu za su shiga, taka da ta Injiniya, tunda aikin na haɗin gwiwa ne. Shugaba ya tuna yana da wani taro. Injiniya kuwa tuni ya koma mota ya ɗaga gilashi. Yayanta ya biyo ta da kan keke, ya taka hancin da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake bukata, jama'a suka biyo bayansa har rana ta faɗi.

Kuɗin ƙetarawa ba a taɓa biya ba. Duk wanda Bar-Mini ya tara a rumfa sai ya tambaye shi wane rabin zai biya wa, kuma da wuya mutum ya miƙa hannu ga wanda ya gama taka masa fuska yanzun nan. Goggo Mai Lemo ta ƙetaro ta shige rumfar da tirenta, masu saye suna zama a kan buhunan dutse.

Shekaru sun wuce, ban san ko nawa ba, 'yata ta sani. An yi shugabanni bayan wancan. Ƙarfen dafawa na rabin hukuma ya yi tsatsa ya karye, dutsen da aka sassaƙa suna an ɗauke shi, kuma duk wanda ya je ƙorafi sai a ce masa aikin na haɗin gwiwa ne. Wuri ɗaya ne a gadar nan ba ya tsufa. Da zarar takalma sun fara cinye hancin, za ka ga Bar-Mini durƙushe da gwangwanin fenti, yana gyara kumatu, yana ƙara wa haƙora haske, yana roƙon masu wucewa su bi ta gefen kunne kafin ya bushe. Yana gaya wa baƙi cewa shi ya ƙirƙiro tsarin, kuma nan gaba kaɗan ƙasashen waje za su zo koyo. Matarsa tana ɗakinta, ina jin kekenta ta katanga. Ta sa wa keken kwaɗo, kada wani ya sake ƙara masa gudu.

Ni ma ta nan nake bi zuwa asibitin ido. Saboda haƙƙin maƙwabtaka nakan yi ƙoƙari in taka hular kwano kawai. Amma ganin nawa ya yi rauni, kuma 'yata, da take riƙe da hannuna, ta ce galibi a bakin nake sauka.